Kaifin Muryar Gwaggo

Da Gwaggo ta ce za ta zo situdiyona ta rera waƙa, na ɗauka wasa take yi. Ƙanwar mahaifina ce, kuma a gidanta na sauka a Tungan Maje lokacin da na baro Zariya na zo Abuja neman abin yi. Na san ta da sayar da atamfa da leshi a kasuwar Wuse, na san ta da faɗa, na san ta da kyauta, amma ban taɓa jin ko amshin waƙa ya fito daga bakinta ba. Murya kuwa Allah ya ba ta. In ta ƙwala wa mai baro kira daga ƙofar shagonta, har wanda ke layi na gaba sai ya waiwayo.

Autarta ce za ta yi aure. Yarinyar ta gama bautar ƙasa, ta kawo wanda take so, kowa ya yi na'am. Sai Gwaggo ta tsiro da cewa ita ba za a ɗauko mata wani mawaƙi ya zo yana kiran sunayen mutanen da bai sani ba. Ta tsara wa 'yarta waƙa da kanta, kuma ita take so a saka lokacin da amarya za ta shigo zauren walima.

"Babana, ba wannan ne aikinka ba?" Haka take kirana, domin sunan mahaifinsu na ci. "Kullum ana cewa kana gyara muryar mutane. To ga tawa."

Situdiyon nawa shago ne guda a Jikwoyi, na manna wa bangonsa soson katifa, na raba shi biyu da katako. A hagu akwai mai walda, a dama mai injin niƙa. Tallan makarantu da na masu maganin gargajiya nake haɗawa, sai waƙoƙin samari masu tasowa. Ranar Lahadi da safe kaɗai nake samun shiru, lokacin da maƙwabtan nawa duka biyu suke coci. Ranar ce kuma Gwaggo ba ta fita kasuwa, don haka muka tsayar da ita.

Ba ta iso da safen ba. Daga Tungan Maje zuwa Jikwoyi sai mutum ya ratsa Abuja daga wannan gefe zuwa wancan, ga shi motar da ta shiga ta lalace a hanya. Ta shigo tana huci, tana tsine wa direba, ta sha ruwa, ta dubi ɗakin ɗaukar murya ta ce ko kaji ba za ta ajiye a ciki ba. Na miƙa mata hedifon, ta ce ba za ta ɓata ɗaurin ɗankwalinta ba, ta kara ɓangare ɗaya a kunne ta riƙe da hannu. Na nuna mata inda za ta tsaya, na ce ta bar tazarar hannu tsakaninta da makirfo. Na ce ta gwada muryarta in daidaita ƙarfin na'ura. Ta yi sallama a hankali, cikin ladabi, kamar mai gaida suruki. Da wannan na daidaita.

Ina sakin kiɗan, sai ta ture 'yar rariyar da ake sawa a gaban makirfo don tare iska, ta matso har leɓenta na taɓa ƙarfen, ta rufe ido, ta buɗe murya gaba ɗaya.

Duk wata fitila da ke kan na'urar ta koma ja. Na yi wuf na rage ƙarfi, amma baitin farko ya riga ya wuce. Na ɗaga mata hannu ta ja baya, ba ta gani ba, idonta a rufe. In ta zo wurin da take lallashi sai ta yi ƙasa da murya har in ƙara ƙarfi, ina ƙarawa ta sake ɓarkewa. Haka muka yi ta tsere har ƙarshe.

Waƙar kuma ta yi kyau, wannan shi ya fi ba ni haushi daga baya. Tana ba 'yar tata labarin yadda ta goya ta a shago tana auna yadi, yadda ta yi mata shimfiɗa a kan ƙullin atamfa, yadda mahaifinta marigayi yake tsayawa a bakin titi da lema yana jiran ta dawo daga makaranta. Da ta kai nan muryarta ta yi rawa, ta daure ta ƙarasa, sannan ta fito tana share ido da gefen mayafi.

Na ce, "Gwaggo, ta yi daɗi ƙwarai. Amma sai mun sake, sautin ya fashe."

"Me ya fashe?"

"Kin matso kusa da yawa. Ki ɗan huta, mu sake ko sau ɗaya."

"Ni fa na yi. Abin da na faɗa a ciki ba zan iya sake faɗarsa yau ba. In akwai abin da ya fashe ka ɗinke shi."

Ina cikin roƙonta sai mai walda ya dawo daga coci ya tayar da janaretonsa. Maganar ta ƙare a nan. Ta ɗauki jakarta, ta ajiye mini kwanon dambun nama, ta tafi.

Washegari na zauna na saurari abin da aka ɗauka, na riƙe kai. Sauti in ya fito a allon kwamfuta kamar jerin tsaunuka yake, wani dogo wani gajere. Na Gwaggo a baitin farko duk an aske musu kai, sun zama a baje, domin ƙarfin ya wuce abin da na'ura za ta iya ɗauka. Abin da aka aske ɗin nan bai shiga ba ko kaɗan, babu inda zan je in ɗauko shi. A kunne kuwa ji yake kamar ana yaga sabon yadi. Ban da wannan, muryar kanta tana da kaushi, irin na wanda ya shekara da shekaru yana ciniki cikin hayaniya, kuma makirfon nawa mai ƙara wa sauti haske ne, wanda samari suke so. Ya ɗauki kaifin nan ya wasa shi. Duk inda ta ce "sa" ko "tsa" sai in ji kamar an soka mini tsinke a kunne. Duk inda ta ce "ƙa" sai lasifika ta yi tsalle.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Akwai manhajar da ke ƙoƙarin cike kawunan da aka aske, na sa ta, ta ɗan rage yagewar amma ba ta kawar da ita ba. Sannan na shiga neman inda zafin yake. Murya tana da ƙasa inda kaurinta yake, tana da sama inda haskenta yake, kuma a tsakanin tsakiya da sama akwai wani wuri da kunnen mutum ba ya jure wa. Yadda ake gano shi sai ka ƙara masa ƙarfi da gangan, ka yi ta yawo da shi har ka ji inda ya fi ciwo, sannan ka rage wurin. Wato sai ka azabtar da kunnenka kafin ka san abin da za ka cire. Ina yin wannan, injin niƙa na aiki a bayan bango, mata suna jayayya a kan wadda ta riga zuwa. In na cire hedifon in ji ta lasifika, tattasai nake ji ana niƙawa. In na mayar da shi, gumi ya cika mini kunne.

Akwai kuma wata manhaja da aikinta shi ne danne harafin "sa" duk inda ya yi tsuwwa. Waɗanda suka ƙera ta ba su yi ta don bakin Bahaushe ba. Tana kama "sa", ta bar "tsa" ya wuce da gudu. In na matsa mata ta kama "tsa", sai ta haɗiye "sa" gaba ɗaya. Na gaji, na bar ta a matse, na ƙara ɗan amsa-kuwwa don muryar ta zauna cikin kiɗan, na tura wa Auta ta waya.

Nan da nan ta kira. "Yaya, wallahi ya fi. Na farkon da ta rera mini da bakinta a gida har tsoro na ji. Ka ƙara tausasa shi ma. Ƙawayena za su zo daga ko'ina, ba na son a yi mata dariya."

Na ji daɗi, na ɗauki waya da hedifon na tafi Wuse. Na tarar da Gwaggo tana warware wa wasu mata leshi. Ta ƙi karɓar hedifon, ta ce in kunna kowa ya ji. Na kunna ta lasifikar waya, a tsakiyar kasuwa, ana ta kiran ciniki. Ta kara wayar a kunne, fuskarta ta fara canzawa.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Gwaggo."

"Ni ce nake cewa thannu da thuwa? Babana, haƙorana ka cire? Wannan ai tsohuwa ce mai wawulo. Kuma me ya kai ni cikin rijiya?"

Matan suka tuntsire da dariya. Ɗaya ta ce ita dai ta ji daɗin waƙar. Gwaggo ta harare ta, ta miƙo mini wayar da yatsu biyu.

"Ka mayar mini da muryata."

Na koma Jikwoyi raina a ɓace, na cire manhajar nan, na shiga yi da hannu. Wato in bi waƙar kalma bayan kalma, duk inda harafi ya yi kaifi in zagaye shi a allo in rage masa ƙarfi kaɗan, ba da yawa ba, sannan in koma baya in saurara. Waƙar doguwa ce, kuma Gwaggo kamar da gayya ta cika ta da "tsakani" da "tsaya" da "sannu". Ina tsakiyar baiti na uku aka ɗauke wuta, batirin da ke riƙe kwamfutar ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu. Da na tayar da janareto na kunna, rabin abin da na yi ya tafi. Na fita waje na tsaya ina kallon masu babur suna wucewa. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Oga, wannan mama da kake sakawa kullum, muryansa yana da ƙarfi o. Har cikin aikina ina jin shi." Na juya na koma ciki.

Na sake yi daga inda ya ɓace. Na bar mata kaurinta, na rage amsa-kuwwar har sai da ta kusa ɓacewa, na sassauta kaifin daidai yadda kunne zai jure. A ganina aikin ya tsaya. Na tura wa su biyun.

Auta ta riga kira. "Yaya, me ya faru? Ya koma kamar tana faɗa da mai baro. Don Allah ka mayar da na jiya."

Ina ajiyewa Gwaggo ta kira. "Haƙoran sun dawo. Amma wannan murya ta maza ce. Kaushin nan daga ina ka samo shi?"

"Gwaggo, a ciki yake. Ban ƙara komai ba, ragewa ma na yi."

"To ni ba haka nake waƙa ba."

Daga nan abin ya zama mini jinya. In na tausasa, Gwaggo ta ce na toshe mata hanci kamar mai mura. In na saki, Auta ta ce za ta ji kunya. Kowacce ta waya take saurare, wayar Gwaggo kuma lasifikarta ta taɓa faɗawa ruwa. Na ajiye tallan wata makaranta da aka ba ni, har mai makarantar ya gaji ya kai wani wuri. Kunnena ya kai matsayin da ba na iya bambance mai kyau da marar kyau, sai in rage wani wuri, in dawo bayan sallah in mayar da shi yadda yake. Na roƙi Gwaggo ta sake zuwa mu ɗauka da wani makirfo mai laushi da na aro. Ta ce biki ya matso, ga anko ba a gama rabawa ba, ga masu girki, ba ta da ranar ratsa gari. Na ce zan kawo kayan gidanta. Ta ce gidan cike yake da baƙi daga Zariya, ko wurin shimfiɗa sallaya da ƙyar ake samu.

Na kwashi ƙaramar lasifikata mai kyau na tafi Tungan Maje, na ƙudura cewa yau sai an yi ta ta ƙare. Na samu na janye ta zuwa ɗakinta, na rufe ƙofa, na kunna mata ainihin abin da ta rera, ba gyara ko ɗaya. Sannan na kunna wanda na gyara.

Ta saurari duka biyun. Can ta ce, "Sake saka na farkon."

Na sake. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa.

"Haka nake yanzu?"

Na fara yi mata bayanin makirfo, ta ɗaga mini hannu.

"Kai ba ka sani ba, ba a haife ka ba. Lokacin muna 'yan mata a Zariya, in za a yi biki a unguwarmu ni ake jira in ba da waƙa, saura su amsa. Muryata siririya ce, tana tafiya. Mahaifinka yana jina daga shagon ɗinkinsu ya san ni ce. Da na yi aure na bari, sai kasuwa. Ni a kaina har yanzu waccan nake ji in na buɗe baki." Ta dube ni. "Na ɗauka injin naka zai iya fito da ita."

Haushin da na taho da shi bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Ashe duk kwanakin nan abin da take nema ba ya cikin kwamfutata, kuma da ta faɗa mini tun farko da ban ɓata kunnena ba. Na gaya mata gaskiya: zan iya rage kaifi, zan iya rage kaushi, zan iya ma ɗaga muryar ta zama siririya, amma za ta fito kamar ta 'yar tsana, ba tata ta da ba.

"A'a, kar ka mai da ni abin dariya," in ji ta. Ta miƙe ta gyara mayafi, don ana kiranta a tsakar gida. "Ka bar na biyun. Ka ɗan ƙara masa haske kaɗan, kar ya yi duhu."

Na ƙara hasken, ɗan kaɗan, na tausasa baitin marigayi fiye da sauran saboda Auta, na kira ta na ce wannan ne na ƙarshe, kar wanda ya sake kirana. Na saurare shi a lasifikar situdiyo, na saurare shi a motar wani abokina, na saurare shi a waya. Ko'ina ya zauna. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi wahala ba, kuma na san ya yi kyau.

Ranar walima na isa zauren da wuri da waƙar a filashi, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, na kai wa mai saka kiɗa hannu da hannu. Wani matashi ne mai ƙaton hedifon a wuya, ya jera lasifiku har kusa da rufi. Tun daga waƙoƙin da yake sakawa na ji matsala, ya ƙure hasken sauti har ƙarshe, kuma ɗaya daga cikin lasifikun a fashe take, tana zuza. Na roƙe shi in lokacin ya zo ya rage sama kaɗan.

"Oga, no wahala," in ji shi, bai ko kalle ni ba.

Aka sanar da shigowar amarya. Kiɗan ya tashi, muryar Gwaggo ta biyo, duk kaifin da na kwana biyu ina cirewa ya dawo, har da ƙari. Na kutsa cikin mutane na isa wurinsa na ce ya rage. Ya ce haka mutane suke so, in ya rage na baya ba za su ji ba. Na kai hannu kan na'urar, ya riƙe mini hannu. Muna wannan ja-in-ja sai na ji murya ta zama biyu.

Gwaggo ce. Ta taso daga kujerarta, ta karɓe makirfon mai gabatarwa, ta manna shi a baki tana bin waƙar da kanta, tana tafiya gaban 'yarta. Ta riga kiɗan, ta dawo ta bi bayansa, lasifikar nan fasasshiya tana ta kururuwa. Mai kiɗan ya ga haka sai ya rage nawa ya ɗaga nata. Mata suka ɓarke da guɗa. Auta, wadda ta hana ni sakat don kar a yi dariya, ta tsaya tsakiyar zaure tana kuka, kwalliyarta na zuba, ƙawayen nata sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Daga aikina babu abin da ya kai kunnen kowa sai ganga da garaya can ƙasa.

Na koma bayan zaure na zauna kusa da masu raba abinci. Wani abokin ango ya zo ya dafa ni ya ce an gaya masa ni na haɗa sautin, ya yi mini sannu da ƙoƙari, sannan ya ba ni shawara a hankali cewa nan gaba in riƙa rage ƙara, don ta yi yawa. Na ce masa na gode.

Ban jira an tashi ba. Na shiga motar Nyanya don in koma Jikwoyi, kaina na sarawa, muka tsaya cikin cunkoso ana ta hon. Da safe wayata ta yi ƙara, na ga Gwaggo ce, na ɗauka da saurina. Muryarta ta dishe gaba ɗaya, da ƙyar nake jin ta. Ta ce in zo da wuri in taya su mayar da kujeru da kulolin da aka aro, kuma in biya ta kemis in taho mata da maganin maƙogwaro.